Ranar da Siminti Ya Ƙare a Saman Gidanmu

Gidanmu na Maamobi, a nan Accra, yana can cikin lungu, inda mota ba ta shiga. Idan ka sauka daga trotro, ƙaramar motar hayarmu, a bakin titi, sai ka bi gefen babbar kwata, ka wuce masallacin unguwa, ka ratsa tsakanin wasu katangu biyu da suke kusan gogar kafaɗunka, sannan ka ɓullo wani ɗan fili. A bakin filin nan ɗakunanmu biyu suke a jere, kuma a ƙofarsu ne mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Mma kamar yadda muke kiranta, take sayar da koko da ƙosai tun kafin a haife ni. Rufin ɗakunan kwano ne da ya tsufa ya yi ja, an danne shi da duwatsu da tsohuwar tayar mota. Da damina mukan jera robobi a tsakar ɗaki, kowace da irin ƙarar ɗigonta. A waje kuwa Mma takan ɗaura leda a kan sanduna ta kare murhu, iska ta zo ta yaye, ta sake ɗaurawa.

Baba direban babbar mota ne a da. Ya yi shekaru yana ɗauko albasa daga Nijar yana komawa da goro, har idanunsa suka fara dushewa ya ajiye tuƙi. Daga nan ya zama mutumin benci. Yakan zauna a gefen ƙofa da carbinsa, fuskarsa a ɗan ɗage kamar mai sauraron wani abu daga nesa, kuma ko wace hira aka ɗauko sai ta ƙare a kan dekin. Dekin shi ne a cire kwano a zuba kankare a saman ɗaki, ya zama rufi ga na ƙasa, ya zama daɓe ga wanda za a gina a sama. A unguwarmu ba mai filin faɗaɗawa ta gefe, kowa ya tokare da maƙwabcinsa, saboda haka mai son ƙarin ɗaki sama yake kallo. Tun ina ƙarama nake jin Baba yana gina benen nan da baki: inda taga za ta kalla, inda iskar teku za ta riƙa shigowa da la'asar, inda zai shimfiɗa tabarmarsa. Na girma ina ganin benen a idona kamar wani gida da muka taɓa zama a ciki muka tashi.

Lokacin da abin ya tabbata na riga na zama tela da ɗan shagona a Kokomlemle, ƙanena kuma yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema. A hankali muka tsayar da ginshiƙai a kusurwoyin ɗakunan, muka tara yashi da tsakuwa da rodi a gefen fili. Siminti ne kawai ba a tarawa a ajiye. Iskar Accra tana da laima, idan buhu ya daɗe sai ya daskare ya koma dutse. Dole ne a san adadin da aikin zai ci, a saya gab da ranar zubi.

Maginin da ya karɓi aikin tsohon abokin Baba ne, mutumin yankin Volta. Efo muke ce masa, wato yaya a harshensu. A Zongo ya girma, Hausarsa irin tamu ce ta nan wadda ba ruwanta da mace ko namiji, Mma ma “shi” yake ce mata. Dogo ne siriri, tafin hannunsa ya yi fari ya tsattsage saboda siminti, kuma ba ya gaggawa a komai. Wata la'asar ya zo da tef ɗinsa, ya ce in riƙe masa bakin, tunda awo sana'ata ce. Muka auna daga waje, bango zuwa bango. Tsawo ƙafa ashirin da shida, faɗi goma sha huɗu. Ya ce kaurin kankaren inci shida ne, rabin ƙafa ke nan.

Ya tsuguna ya zana ɗakunan a ƙasa da ƙusa, yana yi mini bayani. Kowane buhun siminti, in ji shi, ana haɗa shi da kwanon sarki huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Kwanon sarki shi ne faffaɗan kwanon ƙarfen nan da leburori ke ɗauka a ka. Na ce to ai lissafin mai sauƙi ne, a tara su gaba ɗaya a ga yawan kankaren da za a samu. Ya girgiza kai. Ya ce yashi yana shiga tsakanin tsakuwa ya ɓace, siminti ya shiga tsakanin yashi ya ɓace, ruwa ya bi su duka. Abin da ka gani tuli uku a ƙasa, idan an kwaɓa sai ya dawo ɗan kaɗan. Ni da na saba da yadi, wanda idan ka auna biyar biyar ɗin za ka gani, abin ya ba ni mamaki, na daɗe ina kallon tulin tsakuwar nan ina tunanin duk iskar da ke ɓoye a cikinsa.

Na buga a wayata kamar yadda ya faɗa: tsawo sau faɗi sau kauri, sannan a raba da abin da buhu ɗaya yake bayarwa. Ya fito talatin da uku. Efo ya ƙara biyar saboda bim, wato kankaren da ke bin saman bango yana ɗauke da nauyin dekin. Ya ƙara wasu huɗu na ko-ta-kwana. Arba'in da biyu ke nan.

Baba yana kan benci yana jinmu, amma ba ya ganin zanen. Ya ce a faɗa masa ta yadda zai gane, shi ƙafa sau ƙafa ba ta zama masa a kai. Efo ya ce masa a irin wannan kaurin, buhu ɗaya yana rufe wuri kamar girman sallaya. Baba ya ji daɗin wannan magana ƙwarai. Washegari da na fito zan tafi shago, na same shi a durƙushe a ɗakinsu yana shimfiɗa sallayarsa, ya ɗage, ya matsar, ya sake shimfiɗawa, yana ƙirgawa a ƙasan maƙoshi. Gado ya tare shi, akwatunan Mma suka tare shi, sai ya cike wurin da ƙiyasi. Ya yi ta yin haka kwanaki, bai taɓa samun adadi ɗaya sau biyu ba, kuma hakan bai dame shi ba. Ina jin ba ƙirgar yake so ba, yana so ne hannunsa ya taɓa kowane wuri na gidan kafin a rufe shi.

Da lokaci ya yi muka sayo simintin daga wani shago a Kawukudi. Mota ta sauke a bakin titi, mata 'yan dako suka riƙa ɗaukowa a ka, buhu ɗaya ɗaya, suna bin lungu a jere, fuskokinsu da girarsu sun yi furu-furu. Aka jera buhunan a kan katako a wani ɗan ɗaki da ke can baya, inda muka koma da zama bayan an yaye kwanon ɗakunan gaba, aka lulluɓe su da leda. Ƙamshin siminti ya shiga komai namu, har kayan sallah. A kusa da su nake kwana, wani lokaci in ɗora hannu a kansu in ji ɗumi kamar na abu mai rai.

A wannan tsakanin aka yi wa Efo rasuwa a garinsu, ya tafi, ya bar kafinta da mai ɗaurin rodi suna aikinsu. Kafinta ya kakkafa gorori, wato dogayen sandunan gora, a cikin ɗakunan kamar ƙaramin daji, ya shimfiɗa katako a kansu. Mai rodi ya bi ya saƙa ƙarfe a sama. Mma ta mayar da murhunta bakin lungu saboda ƙura da ƙusoshi. Ni kuma da safe nake fita, sai magariba nake dawowa. Na dai lura akwai gorori a tsaye a ƙofar gida ma, da katako a kansu, amma na ɗauka wurin takawar ma'aikata ne, ban tambaya ba.

Ranar Lahadi aka sa zubi, domin ranar ce ƙanena yake gida. Tun bayan sallar asuba masu kwaɓa suka iso da sheburansu da kwanoninsu, mutanen arewa ne da suke yawo daga wannan gini zuwa wancan. Mata suka fara cika durom da ruwa. Efo, wanda ya dawo daga garinsu a jajibirin ranar, ya zo ya hau tsani don ya duba aikin. Ya daɗe a sama. Da ya sauko ya wuce kai tsaye gaban benci.

“Masta,” ya ce wa Baba, “wa ya ce a ƙara katako a gaba?”

“Ni na ce.”

“Ba ya cikin lissafi.”

“Ai ka ce akwai huɗu na ko-ta-kwana.”

“Huɗun nan na abin da zai zube ne, da wanda zai tsiyaye ta tsakanin katako. Wannan da ka ƙara shi kaɗai zai ci goma.”

Sai a lokacin na ɗaga kai na duba da kyau. Ashe Baba ya sa kafinta ya fito da dekin ƙafa huɗu a gaban ɗakunan, tun daga wannan kusurwa har waccan, mai rodi kuma ya saƙa masa ƙarfensa yadda ya kamata. Rumfa ce ta kankare. Ƙanena ya tambaye shi ta mece ce, kuma me ya sa bai faɗa wa kowa ba. Baba ya juya carbinsa, ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama, ya ce a hankali, “Uwarku ta gaji da leda.”

Mma tana kusa, tana wanke shinkafar da za a dafa wa ma'aikata. Ba ta ɗago ba. Sai da na je ɗaukar ƙwarya a gefenta ta ce mini, ba tare da ta kalle ni ba, wa ya gaya masa ta gaji. Amma na ga ta daɗe tana wanke shinkafar nan bayan ruwan ya riga ya yi fari tas.

Efo ya bayyana mana halin da ake ciki. Kankare ba ya son a tsaya masa a tsakiya. Idan aka zuba rabi yau aka ƙarasa gobe, wurin haɗin nan ba ya kamawa sosai, ta nan ruwa zai riƙa bi. Rumfar kuwa ba ta da ginshiƙi a ƙarƙashinta, da jikin dekin take rataye, dole a zuba su tare. Ƙanena ya kawo shawarar a rage siminti kaɗan a kowane kwaɓi, a ƙara yashi, ya ce ba wanda zai gane. Efo ya ce shi zai gane, kuma mutane ne za su zauna a ƙarƙashi. Sauran hanya ɗaya ita ce a cire katakon gaba a koma lissafin farko. Da ya faɗi haka duk muka kalli Baba. Efo ya daɗe yana kallon abokinsa, sannan ya juya ya ce wa ma'aikata su fara. Ya ce daga gaba za a fara zubi, daga rumfar, a yi baya. Idan siminti zai gaza, ya gaza a can ƙurya inda bango yake riƙe da shi ta ɓangare biyu. Ya ce wa ƙanena ya hau babur ya nemo shida ko ta ina, su kuma za su yi tattali don huɗun nan su cike goman.

Har yanzu idan na rufe ido ina jin sautin ranar. Shebur yana kartar ƙasa, tsakuwa tana zuba daga kwano, ruwa yana faɗawa tsakiyar tuli. Masu kwaɓa suna waƙa da harshensu, ɗaya ya ja baiti sauran su amsa, kwanoni suna hawa tsani daga hannu zuwa hannu su dawo babu komai. A sama Efo yana tafe a kan rodi a hankali kamar zalɓe, yana caccaka kankaren da sanda don ya shiga ko'ina, yana bi da dogon katako yana daidaitawa. Rana ta ɗaga, inuwar gororin ta gajarce. Ni aikina shi ne in tsaya a ƙofar ɗakin baya in riƙa fito da buhu idan an nema, ina kallon jerin yana raguwa, katakon da ke ƙarƙashi yana bayyana.

Ƙanena ya dawo da azahar hannu wofi. Shagon Kawukudi a rufe yake, mai shi ta tafi coci daga can ta wuce garinsu. Ya zaga Nima ya zaga Kotobabi, waɗanda suka buɗe ba su da ko buhu ɗaya, domin a lokacin siminti ya yi wuya a gari, sai gobe ko jibi suke sa ran mota. Ya zauna a bakin durom ya wanke fuska.

Gab da la'asar na fito da buhun ƙarshe. Aka kwaɓa shi, aka hau da shi, sannan sheburan suka yi shiru. Na hau tsani na leƙa. Dekin ya kwanta sumul yana sheƙi tun daga bakin rumfa har kusan ƙarshe, sai a ƙuryar baya, daidai saman inda gadona yake a da, rodi yana nan tsirara a kan katako. Efo yana tsugune a bakin wurin yana yayyafa ruwa a gefen kankaren don kada ya yi saurin kamawa. Ya ce yana da ɗan lokaci, amma ba mai yawa ba.

Abin da ban sani ba shi ne, tun da safe maganar ta riga ta zaga unguwa. Mma ba ta roƙi kowa ba. Masu zuwa sayen koko ne suke tambayarta yaya aiki, ita kuma ta faɗa musu gaskiya, cewa siminti ba zai kai ba saboda maigidan ya ƙara rumfa. Daga nan kowa ya tafi da labarin gidansa, kuma na tabbata sun yi dariya a hanya.

Ina kan tsani na hango ladanin masallacinmu ya shigo fili da baro, buhu biyu a ciki. Ya ce na gyaran wurin alwala ne, liman ya ce a kawo, wurin alwala zai iya jira. A bayansa sai ga maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ga, mai sayar da dokono, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi, ita da 'yarta suna riƙe da buhu ɗaya ta kunnuwansa. Ta saya ne don ta ɗaga dokin ƙofarta saboda ruwan kwata da ke shigar mata ɗaki. Wani Bazabarme mai albasa, wanda Baba ya sha ɗauko wa kaya a da, ya aiko da rabin buhu. Wanzamin bakin titi ya kawo nasa a bokitin fenti. Wata malamar Islamiyya ta kawo abin da ya rage daga gyaran ajinta, a ƙulle cikin leda biyu.

Ban taɓa sanin cewa akwai siminti haka a unguwarmu ba. Ashe kusan kowane gida da ɗan nasa, a ƙarƙashin gado ko a bayan ƙofa, yana jiran wani aiki da ba a kai ga yi ba. Kowa ya ajiye nasa sai ya faɗi abin da ya saye shi dominsa, kamar yana gabatar da ɗansa: wannan na matakala ne, wannan na bangon banɗaki ne, wannan na kabarin mijina ne a garinmu. Hasken la'asar ya shigo filin a karkace, ƙurar siminti tana yawo a cikinsa, mutane suna tsaye da farin gari a hannuwansu suna magana ƙasa-ƙasa da Hausa da Twi da Ga. Na tsaya a kan tsanin ina kallonsu, na ji kamar ba a farke nake ba.

Efo ya sauko ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowane buhu sai ya tura hannu can ciki. Idan ya ji laushi kamar garin tuwo, ya ce a kai wurin kwaɓi. Idan ya ji gudaji, ya ɗauko ɗaya ya murza. Wanda ya fashe a yatsunsa ya karɓa, wanda ya ƙi ya ajiye gefe. Yana yi yana tarawa a kansa, rabi da rabi ɗaya, wannan bokitin rubu'in buhu.

Ta ƙarshe da ta zo wata tsohuwa ce daga can ƙarshen lungu, wadda take yi wa matan unguwa wankan gawa. Jikokinta biyu ne suka turo nata a baro, ita tana biye da sanda. Cikakken buhu ne, ba a taɓa buɗe shi ba. Ta ce ɗanta ne ya saya kafin ya tafi Libiya, ya ce idan ya dawo zai yi mata daɓe, ita kuwa ta ga gara ya yi amfani. Efo ya ɗora hannu a kai, na ga hannun ya tsaya. Buhun ya daskare gaba ɗaya, ya zama dutse mai siffar buhu, har da alamar ninkin takarda a jikinsa. Ya rasa abin da zai ce mata. Baba, wanda ba ya gani amma ya ji shirun, ya tambaya me ya faru, na raɗa masa a kunne.

“Iya,” ya ce mata, “wannan ba za a kwaɓa shi ba. Ni nake so. A ajiye mini shi nan kusa da benci, ƙafata tana kumbura, na daɗe ina neman abin da zan riƙa ɗora ta.”

Tsohuwar ta ce to, Allah ya sa ya yi masa amfani. Aka gangaro da shi gaban benci, Baba ya ɗora ƙafafunsa a kai nan take, ta tsaya ta ga ya zauna daidai sannan ta juya.

Abin da Efo ya karɓa ya kai shida da ɗan ɗori. Sheburan suka sake tashi, waƙar ta dawo, wannan karon har da samarin unguwa a layin miƙa kwano. Kafin a kira magariba Efo ya ja katakonsa a kan ƙuryar baya, ya miƙe tsaye, ya riƙe ƙugu. Mma ta zuba wa kowa shinkafa da wake, wanda ya yi aiki da wanda ya zo kallo. Da siminti ya dawo gari muka mayar wa kowa nasa. Wasu suka karɓa, mai dokono kuwa ta ce idan muka kawo mata za ta yi fushi, sai dai Efo ya je ya ɗaga mata dokin ƙofar, ya kuwa je.

Benen da Baba ya yi ta ginawa da baki ba a gina shi ba har yau. Ya rasu bayan 'yan shekaru, rodin ginshiƙan yana nan tsaye a sama yana jira. Da aka cire katako, silin ɗin ɗakina ya fito da launi daban-daban a ƙuryar nan, wani wuri fari-fari, wani wuri toka mai duhu, kuma ban taɓa yarda a shafe shi da fenti ba. Bai taɓa yoyo ba.

A kwanakin da suka biyo bayan zubi, Efo ya ce kankare sai an shayar da shi safe da yamma, in ba haka ba zai tsage. Ya yi ɗan gaɓa da yashi a gefe-gefe don ruwa ya kwanta. Ni na ɗauki wannan aikin. Kowace safiya kafin in tafi shago sai in hau da bokiti, ƙanena ko wani maƙwabci yana miƙo mini wani. Idan ruwan ya kwanta ya nutsu, sai sararin sama gaba ɗaya ya sauko cikinsa, gajimare yana wucewa a ƙarƙashin ƙafata. Daga nan na fara ganin unguwarmu yadda ban taɓa ganinta ba: rufin kwano ja da ruwan ƙasa sun bazu har iyakar gani, hayaƙin murhu yana tashi daga tsakaninsu, hasumiyoyin babban masallaci suna can gefe, jirgin sama yana tasowa daga filin jirgi a hankali kamar ba zai iya ba.

Wata safiya da Efo ya ce yanzu kowa yana iya takawa, Baba ya ce a hau da shi. Ƙanena ya bi bayansa a tsani yana ɗora masa ƙafa a kowane mataki. Da ya iso ya cire takalmi, ya tsaya a cikin ruwan da bai kai idon sawu ba. Can sai muka ji tsani yana motsi, sai ga kan Mma ya ɓullo, ta tattare zaninta da hannu ɗaya. Tunda aka kawo ta gidan nan amarya ba ta taɓa ganinsa daga sama ba. Ta tsaya tana dube-dube, ta kasa gane lungunmu, sai da ta riƙa gane gidaje ta kayan da aka shanya: wancan zanin na wance ne, to ashe nan ne gidansu, ashe kusa muke haka.

Sannan ta tambaya ina ne Kumasi. A Zongon Kumasi aka haife ta, kuma ta daɗe rabonta da can. Ni da ƙanena muka kalli juna, kowa ya nuna wani wuri daban. Baba ya juya a hankali har iskar teku ta bugi bayansa, ya ɗaga hannu ya nuna gaba, ya ɗan karkata hagu. Ya ce nan ne. Ya fara faɗa mata hanyar kamar yana kan sitiyari, inda ake fita daga gari, inda masu burodi suke rugowa gefen mota a Nsawam, inda duwatsun Nkawkaw suke tasowa da hazo a kansu, inda hanya take gangarawa cikin daji. Mma ta kare ido da tafin hannu tana kallon inda ya nuna, ta daɗe a haka. Ta ce ita ba ta ga komai ba sai kwano da hayaƙi. Ya ce ta ci gaba da kallo.

Daga ƙasa wata yarinya ta ɗaga murya tana sallama, tana tambaya ko koko ya ƙare. Mma ta amsa mata cewa tana zuwa. Ta ƙara tsayawa kaɗan, sannan ta tattare zaninta ta nufi tsani, ta ce wa ƙanena ya riƙe mata da kyau. Baba ya ce shi a bar shi tukuna. Na ɗauki bokiti na ci gaba da zuba ruwa ta ɗaya gefen, a hankali, don kada in fantsama masa.